Faifan Matan Garu

Ran nan wasu samari daga ƙungiyar unguwarmu suka same ni a ƙofar gida ina gyara fitilar moto, wato babur ɗina. Suka gaishe ni har ƙasa, sannan babbansu ya ce, "Baba Garba, muna so ka ba mu lambobin wayar masu kuɗɗin garin ga. Rijiya za mu gyara." Na yi dariya har sai da na ajiye aikin. Wato a ganinsu sana'ar da na tsufa a cikinta ke nan: ka kira Alhaji, ka ce ya ba ka, ya ba ka. To ku gyara zama, ku da duk mai irin tunaninku, in gaya muku yadda ake nemo wa ƙungiya taimako a cikin Malanbil ba tare da an zauna jiran masu furoje, wato ƙungiyoyin ba da tallafi, su hauro daga Kwatano ba.

Ni da farko ɗan kabu-kabu ne. Lokacin da aka saki siyasa a ƙasar nan, ƙungiyoyi suka yi ta fitowa ta ko'ina, ta masu albasa, ta masunta, ta mata masu turara shinkafa, ta iyayen yaran lakkol, wato makarantar boko. Kowace da shugabanta da hatiminta, amma babu mai ko dala a asusu. A bakin kasuwa kuwa akwai wata tsohuwa mai sayar da goro, Gwaggo Bibata, wadda tun kafin a san kalmar ƙungiya ita ake nema in iska ta yaye rufin masallaci ko gobara ta cinye wa wani gida. Ƙafa ta fara ba ta wahala, sai ta ɗauke ni in riƙa kai ta yawonta. Da iyalina da gemuna na shiga hannunta, kuma ban san koyon sana'a nake yi ba sai da na yi nisa. Kayan aikinta ba su cika hannu biyu ba. Faifai ne sabo naɗe cikin zane, sai ƙullin goro fari, sai kunnen da ba ya barin komai ya wuce.

Aikin farko da na gani da idona na makiyayan ƙauyen Tumbutu ne, nan kusa da mu. Kwamin shayar da shanu suke so a bakin rijiyarsu, na siminti, don na itace ya ruɓe. Ni a raina na riga na jera gidajen Alhazan da za mu bi. Gwaggo ta hau bayana ta ce in nufi mahauta. Na ce, "Gwaggo, mahauta hwa?" Ta ce, "Kai dai tahi. Wa ka cin riba in saniya ta sha ruwa ta yi ƙiba?" Muka je, ta zauna a kan benci kusa da sarkin fawa, ta fasa goro, ta tambayi lafiyar iyali, ta yi ta jajanta musu yadda shanun bana suka rame. Su da bakinsu suka fara zagin rijiyar Tumbutu. Ba ta roƙi komai ba ranar, muka tashi. Da muka koma, sarkin fawa ne ya riga ta magana, kuma simintin kwamin nan duka daga aljihun mahauta ya fito. Yashi kuwa wani direban kamyo, babbar motar kaya, da ke dawowa wofi ta wannan hanya ya zubo mana. Tun daga ranar, in ƙungiya ta zo mini da buƙata, abin da nake fara tambayar kaina shi ne wa zai ji daɗi a cikin garin nan in aikin ya yiwu, ko da shi bai sani ba tukuna.

Sannan kowane mai bayarwa da lokacinsa. Mai albasa in ka je masa sa'ad da yake zuba kuɗi a gona, ko ruwan sha da ƙyar za ka samu. Bari sai ya loda kamyo ya dawo yana wasa da carbi. Manomin shinkafa a masussuka ake samunsa, lokacin da mudu ke hannunsa yana fitar da zakka. Masunci da sassafe a bakin gulbi, in komarsu ta yi nauyi da kifi. Ma'aikacin duwan kuwa, wato kwastan, na lura ya fi sakin hannu in an ce an canza masa gari, don yana son a riƙa tuna shi da alheri. 'Yan garinmu mazauna Kwatano sai sun zo Salla, kuma kada ka tare su ranar da suka sauka, dangi sun riga ka.

Su kansu masu ƙungiyar sun fi masu kuɗin ba ni ciwon kai. Za su zo su cika maka zaure, ka ce me kuke so, su ce ci gaba. Gwaggo takan ce musu, "Ci gaba buhu nawa na? A kai aka ɗaukar shi ko a jaki?" Ba ta tashi daga wurin sai sun faɗi abu guda da ido zai gani, kwanon rufi ne, igiyar guga ce, benci ne. In an gama aiki kuma dole a koma wa wanda ya bayar. Na sha goya Alhaji mai tumbi a moto, muna faɗawa ramuka har ƙauyen Madekali, don kawai ya taɓa bangon da simintinsa ya gina. Mutumin da ka nuna wa haka, baɗi kafin ka gama sallama ya sa hannu a aljihu.

Amma zuciyar sana'ar nan ita ce faifai, kuma a nan ne yaro ke karya ƙafa. In aiki ya fi ƙarfin bi gida gida, sai a tara manyan kasuwa a rumfa, a shimfiɗa tabarmi, a faɗi buƙata, a zagaya da faifai. Dokar garinmu ita ce babban da ya fi kowa shekaru da girma a kasuwa shi ke fara sakawa, shi ake cewa ya buɗe faifai. Abin da ya saka kuwa, babu mai wuce shi. Ko kana da kamyo goma, in dattijo ya ajiye dala ɗari, kai sai ka yi ƙasa da haka, in ba so kake a ce ka tsinka shi a gaban mutane ba. Na ga ranar da aka karya wannan doka, wajen taron rufin lakkol na Madekali. Wani matashi da ya samu kuɗi a Kwatano, da kyakkyawar niyya wallahi, ya yi wuf ya dire damin kuɗi kafin faifai ya isa gaban dattijo. Dattijon ya dubi kuɗin. Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya sa takalmi, rabin rumfar suka bi bayansa. Yaran lakkol suka ƙare damina a ƙarƙashin zana. Saboda haka ainihin aikin kafin taro ake yin sa. Ka je wa mai buɗewa tun da wuri, ka lallaɓa shi, ka san abin da zai saka, ka tura shi sama gwargwadon iko, don duk abin da za a samu a rataye yake da hannunsa.

Gwaggo Bibata ta rasu, Allah ya jiƙanta, faifan ya dawo hannuna. Na yi shekaru ina aikin lami lafiya, har na fara jin babu taron da zai gagare ni. Sai shekarar da gulbi ya yi hauka.

Damina ce ta yi nauyi, ruwa ya fasa ya shiga gonaki da gidaje na bakin gulbi. Ina zaune da hantsi sai ga Inna Hamsatu, shugabar mata masu turara shinkafa na ƙauyen Garu da ke bakin gulbi, zanenta jiƙe da laka har gwiwa. Matan nan na san su sarai, ni na nemo musu manyan tukwanen da suke aiki da su. Sana'arsu ita ce su sayi shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, su jiƙa, su turara a wuta, su shanya, su kai inji, su sayar. A shekarar sun haɗa adashinsu kaf sun sayi shanshera sun cika rumbun ƙungiya, sai ruwa ya shiga rumbun.

Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Malam Garba, shansherarmu ta jiƙe dut. Mun jawo ta bisa tudu, amma in ta kwan biyu haka tsira za ta yi, ko ta yi tsami. In ta lalace, ƙungiya ta mutu, don babu wadda ka da abin sake sayen ko tiya guda."

Na ce, "Inna, mi kuka so? Hwaɗi abin da ido ka gani."

Ta ce, "Jiƙaƙƙar shanshera ai rabin aiki na, in an yi hanzari. A ba mu itace busasshe, a ba mu daɓe mai rufi inda za mu shanya, a hiddo muna da ita daga Garu. Mu ka turara ta da kanmu, ko barci ba mu so."

Kun ji mace mai hankali! Nan take na ga abin zai yiwu. Jiragen masunta, kamyo, itace, wurin shanya, duk akwai su a garin nan. Amma bi gida gida ba zai yi ba, shanshera ba ta jira. Dole sai faifai, kuma washegari Juma'a ce, manyan kasuwa duk suna gari. Na tura aka sanar da taro bayan an sauko daga masallaci, ni kuma na hau moto na nufi wajen mai buɗewa.

Mai buɗe faifai a lokacin Alhaji Namaiwa ne, tsohon dillalin albasa, mutum mai kyauta wanda bai taɓa ba ni kunya ba. Yana da wata babbar magaza a kan tudu bayan kasuwa, ɗakin ajiya mai faɗin gaske da daɓen siminti. Na same shi zaune a ƙofarta a kan buzu, ƙofar a kulle. Muka gaisa, na miƙa goro, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya daɗe yana juya goron a hannu. Can ya tashi, ya duba hagu da dama, ya buɗe ƙofar kaɗan ya ce in leƙa.

Wayam. Ko buhu ɗaya babu.

Ashe albasarsa ta shekara duka tana can cikin rumbunan gona a bakin gulbi, yana jiran ta yi tsada ya kwaso, ruwa ya tafi da ita. Babu wanda ya sani. Kullum yakan zo ya zauna a ƙofar magaza a kulle, mutane na wucewa suna gaishe shi a kan mai kaya.

Ya ce, "Garba, ka gani. Abin da ag gare ni yanzu, in na sa shi bisa faifai, na kashe matan ga, don kowa ƙasa da ni za ya yi. Ka tsallake ni."

Na ce, "Baba Alhaji, in na tsallake ka kana zaune, mutanenka tashi za su yi. In kuma ba ka zo ba, babu mai sa hannu, cewa za su yi a jira ka."

Ya ce, "To mi za mu yi?"

Ina tsaye ne kawai ina kallon daɓen nan ta kafar ƙofa, fili fetal, busasshe, rufi lafiya lau. Sai dabara ta faɗo mini. Na ce, "Baba, ai ga abin da Hamsatu ka nema nan! Ba su magazar ga."

Ya ɗaga hannu. "Su ɗauka mana, wanga ai ba komi ba na. In dare ya yi ka zo ka amshi makulli."

Na ce, "A'a, ranka shi daɗe. Bisa faifai nika son shi, gaban kowa. Da shi za ka buɗe."

Ya dube ni kamar na mare shi. Ni ma na san abin da na roƙa. Ɗan kasuwa da sunan kaya yake rayuwa. Ranar da aka san magazarsa wofi ce, manoma za su kai albasarsu wajen wani, direbobi za su daina tsayawa a ƙofarsa. Cewa nake ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya faɗa da bakinsa cewa ya karye. Amma in ya ba da makullin a ɓoye, wurin shanya kawai muka samu, faifai kuma yana nan babu mai buɗe shi, babu jirgi, babu itace. Na faɗa masa haka dalla dalla. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya mayar da ƙofa ya kulle, ya ce in gaida gida.

A duk shekarun da na yi ina wannan aiki, ranar ce kaɗai na shiga taro ban san abin da mai buɗewa zai saka ba. Rumfa ta cika maƙil. Ga Alhaji Sa'idu mai kamyo, wanda a lokacin ya fi kowa kuɗi a kasuwa amma ƙane ne a shekaru, ga sarkin masunta, ga masu itace, ga mahauta. Inna Hamsatu da wasu matan suna tsaye daga gefe da ƙwaryar shansherar da suka zo da ita. Na karɓi ƙwaryar na zagaya da ita, kowa ya damƙa ya ji ɗuminta, don ta fara zafi daga ciki, alamar tana gab da lalacewa. Na yi bayani gajere. Sannan na kwance faifai, na durƙusa gaban Alhaji Namaiwa.

Ya sa hannu a aljihun babbar riga. Ya daɗe a ciki, har wani ya yi tari. Da ya fito da shi, sai muka ji ƙarar ƙarfe a kan faifai. Makulli ne, da 'yar igiyarsa ja.

Ya ce, da murya sarai yadda na baya za su ji, "Jama'a, magazata wofi ta. Gulbi ya canye albasata dut, ba ni da ko ƙwara. Daɓe ya rage min, na ba matan Garu, su shanya hal su gama."

Wasu suka sunkuyar da kai, wani ya ce innalillahi. Ni kuwa na matsa da faifai gaban Alhaji Sa'idu, don shi ke biye. Na ga ya riga ya shirya 'yan takardun kuɗi a hannu, daidai abin da yake tsammanin zai zauna ƙasa da na dattijo. Ya dubi kuɗin, ya dubi makullin. Yaya ake yin ƙasa da makulli? Nawa ne shi? Babu wanda ya sani, kuma kowa a wurin ya san abin da tsohon nan ya ajiye ya fi abin da ke aljihun kowa. Sa'idu ya mayar da kuɗin, ya laluba ɗaya aljihun, ya jefa makullin kamyo kusa da na farko. Ya ce, "Da direba da mai, hal a gama kwasa."

Wayyo, ku zo ku ga rumfa! Sarkin masunta bai ma jira faifai ya iso ba, ya ɗaga murya da yaren Dendi ya ce jiragensa duka su nufi Garu yanzu. Shugaban masu itace ya ce amalanke biyu, na kusa da shi ya ce shi uku, na farkon ya juyo ya ce to shi huɗu, aka fashe da dariya, don yau babu mai cewa ka wuce wani. Mahauta suka ɗauki abincin masu aiki. Wani mai shago da ban taɓa samun ko allura a hannunsa ba ya aika a kwaso buhunan wofi. Masu kuɗi suka zuba kuɗi ba tare da leƙen na maƙwabci ba. Faifai ya cika har na tara da gaban rigata, ina zagayawa ina ta godiya, murya ta dushe, hula ta faɗi ban ma tsaya ɗauka ba. Inna Hamsatu ta rangaɗa guɗa a tsakiyar kasuwar maza, babu wanda ya hana ta.

Kafin la'asar jirage sun fara fito da buhuna zuwa inda hanya ta tsira, kamyo na kwasa. Matan suka kafa tukwane a jere a bayan magaza, hayaƙi ya turnuƙe unguwar. Wasu na hura wuta, wasu na juye turararriyar shinkafa a daɓe, wasu na baza ta da ƙafa. Ba duka aka ceta ba. Buhunan da suka fi daɗewa a ruwa sun tsira, sai kaji da awaki suka ci. Amma mafi yawa ta kuɓuta, aka casa, aka sayar, ƙungiyar Garu tana nan har gobe, 'ya'yan waɗancan matan ne ke riƙe da ita.

Alhaji Namaiwa kuwa, abin da ya ji tsoro shi ya faru. Da kakar albasa ta zagayo, manoma suka kai kayansu wajen wasu, bai sake yin babban ciniki ba har ya koma ga Allah. Ni na roƙe shi abin nan, kuma na san tsadarsa tun kafin in buɗe baki. In kuna son sana'ar nan, ku sani wata rana za ku roƙi mutumin kirki abin da zai yi masa ciwo, kuna kallon idonsa.

Ana cikin shanyar na biya ta magazar da rana tsaka, ban san da wace fuska zai karɓe ni ba. Na tarar ƙofa a wangale, shinkafa shimfiɗe daga bango zuwa bango tana tururi. Shi kuma yana zaune a kan buzunsa da doguwar sanda a hannu, yana korar kajin unguwa. Inna Hamsatu ta fito da kwano a kai, ta rusuna ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya ce, "Ku ad da sannu, ɗiyata." Na durƙusa na gaishe shi, na fara neman kalmar ba da haƙuri. Ya katse ni da sandar, ya nuna cikin ɗakin.

Ya ce, "Garba, shaƙa ka ji. Tun da nig gina magazar ga, warin ruɓaɓɓar albasa nika shaƙa. Ban taɓa sanin tana iya ƙamshi haka ba."

Sannan ya ce in matsa daga ƙofa, ina tare wa shinkafa iska.